Ɗan Kama da Ɗingishin Malam

Mahaifina ɗan kama ne. Na faɗa tun daga farko, don kada wani ya zo daga baya ya ce ya tono mini asiri. Jikokina sun fi so in ce malami ne, tunda daga gidan malamai ya fito, ni kuwa na ce musu sai dai su nemi wata kakar. Sana'arsa ita ce ya tsaya tsakiyar mutane, a kasuwa ko ƙofar gidan biki, ya ba su dariya har su riƙe ciki, su kuma su ba shi abin da ya sawwaƙa. Da wannan ya ciyar da ni, da shi ya yi mini kayan ɗaki, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Mu biyu ne a gidan, can wajen Ƙofar Marke. Mahaifiyata ta rasu ina goye, yayyena kuwa duk sun koma tun suna ƙanana. Ya sake aure sau ɗaya, matar ta ga ba ta iya zama da mutumin da ke dawowa gida ya yi tsit kamar an aiko shi da saƙon mutuwa, ta yi gaba. Mutane ba sa yarda in na faɗi haka, sun ɗauka gidan ɗan kama kullum shewa ake yi. Ina! A waje yake ƙarar da dariyar, mu gajiyar yake kawo mana.

Kayan wasansa ba su da yawa: takobin icce, rawanin tsumma mai girman akushi, carbin ƙwallon goruba da sai ya saɓa shi a kafaɗa, da 'yar ganga a hammata. Yakan buɗe da wa'azin tuwo. Sai ya zauna ya ɗaure fuska, ya yi ta jero azabar da ke jiran mai ɓoye nama a ƙarƙashin tuwo in ya ji sallamar baƙo. Wannan duk 'yan kama suna yi. Abin da ya fitar da shi daban shi ne kwaikwayon mutane. Baba zai zauna kusa da kai a rumfar kasuwa, ku ci goro, ku yi hira, gobe ka ga tafiyarka da tarinka da yadda kake sosa ƙeya suna yawo a jikin wani.

Amma akwai ƙa'ida, wadda ya gada wurin tsohon da ya koya masa sana'ar. Ba a kwaikwayon mutum sai yana wurin. Kuma in an fara ba a dainawa, sai shi mai jikin ya tashi ya jefo goro ko hula, ya ce ya isa, ya fanshi kansa. Nan dariya ke komawa ta kowa da kowa, har da wanda aka yi wa. Ya sha gaya mini:

"In mutum shina gabanka, wasa na. In ba shi nan, namanai kaka ci."

A Sakkwato ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba. Ko yarinya mai tallan fura ta san giba cin naman ɗan'uwa ce.

Wanda ya fi jin daɗin kwaikwaya a duk birnin shi ne taubashinsa, wanda kowa ke kira Malam. Mahaifin Malam da mahaifiyar Baba ciki ɗaya suka fito, don haka akwai wasa a tsakaninsu tun suna yara, Malam ubangida, Baba bawa. Tare suka fara karatu a zaure ɗaya. Malam ya zarce har ya zama cikin waɗanda ke zama gefen alƙali ana tambayarsu abin da littafi ya ce, Baba kuwa kasuwa ta janye shi. Malam yana da ɗingishi a ƙafar hagu, kurkunu ne ya bar masa tun ƙuruciya. In zai yi magana kuma sai ya gyara murya, ya ja gemu ƙasa, ya kalli sama kamar a rufin ɗaki aka rubuta amsar.

Duk bikin da aka yi a dangi sai Baba ya bari an natsu, sannan ya shigo yana jan ƙafar hagu. Kafin ya kai hannu ga gemu mutane sun fara faɗuwa. Malam kuwa da gangan yake jinkirin fansa, yana dariya har rawaninsa ya warware, sai can ya jefo goro ya ce:

"To, bawana, ya isa. Na hwanshi kaina."

Wasu malaman ba sa son wannan, sun sha yi masa magana a kan yadda yake barin ɗan kama yana zubar masa da girma. Yakan ce musu girman da dariya ke zubarwa dama a bakin tulu yake. Saboda shi ne Baba ke shiga manyan gidaje ba a hana shi. Ni ma a gidansa na girma rabi, domin matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta yi mini kitso, ita ta koya mini karatu da wannan rubutun da nake yi.

Kowace shekara ranar cika-ciki, Baba kan ɗauki tsintsiya ya tafi ƙofar Malam ya share, kamar yadda ɗan mace ke yi wa ɗan namiji. Malam ya fito ya tsaya a kansa yana kushe sharar, yana cewa bawan nan ya lalace, gara a kai shi kasuwa. Su yi ta yi har unguwa ta taru, sannan ya ba shi kuɗin shara, wani lokaci har da riga.

Ina ƙarama Nasara suka shigo. Garin ya yi shekaru ba ya dariya da ƙarfi, amma biki ba ya fasuwa, suna ma haka, Baba ya ci gaba da sana'arsa. Na fara zama budurwa lokacin da wani masinja ya yi sallama a ƙofarmu da hantsi, ya ce Bature na kiransa a bariki, ya zo da kayan wasansa. A wancan zamani in aka ce Nasara na kiranka, yafiya kake nema kafin ka fita. Ya dafa kaina, ya ce in ban ga dawowarsa ba in tafi wurin Inna.

Ya dawo bayan la'asar da gwangwanin sukari da sababbin kuɗin ƙarfe a ƙulle. Na yi murna, shi kuwa ya ajiye su bakin ƙofa, ya ƙi cin abinci. Sai bayan shekaru ya ba ni labarin abin da ya faru.

Baturen saurayi ne, shi kaɗai a gidan da ya fi ƙarfinsa, kewa ta ishe shi, aka ce masa akwai mai ban dariya a gari. Ya zauna a kujera, tafinta na tsaye a bayansa, babu kowa kuma. Baba ya yi wa'azin tuwo, tafinta ya juya, Bature ya gyaɗa kai kamar ana karanta masa ƙara. Ya yi raƙumi mai ƙin tashi. Ya yi mahauci da kare. Fuskar nan ko motsi. Baba ya ce da farko tsoro ne ya kama shi, amma daga baya tsoron ya wuce, wani abu ya maye gurbinsa. Tunda ya fara sana'a bai taɓa tsayawa gaban fuskar da ya kasa buɗewa ba, abin ya tsaya masa a wuya. Ya laluba ya rasa wasan da ba ya buƙatar tafinta. Kafin ya ankara ƙafarsa ta hagu ta fara ja.

Baturen ya san Malam, domin yakan je ya zauna a majalisar alƙali. Baba na jan gemu ya kalli sama, sai mutumin ya fashe da dariya, yana buga cinya, yana nuna hanyar gari. Ya sa aka maimaita masa, ya sake sawa. Babu wanda zai ce ya isa, sai da shi mai kallon ya gaji don kansa.

Na tambaye shi, da ya ba ni labarin, ko tilasta shi aka yi. Da ya ce e, da na samu abin da zan riƙe. Ya ce a'a, ba wanda ya ambaci Malam, shi ne dai ya ji yunwar dariya.

Da abin ya tsaya a bariki, wataƙila da ya mutu can. Amma ba a daɗe ba Baturen ya zo majalisar alƙali, Malam ya tashi zai kawo wani littafi. Sai mutumin nan ya miƙe ya bi bayansa yana jan ƙafa, ya gyara murya, ya ja gemun da ba shi da shi, yana waigen jama'a yana jiran su yi dariya. Na yarda ba da mugunta ya yi ba, a ganinsa ya samo hanyar shiga cikin mutane. Ba wanda ya yi ko murmushi. Dattawa suka sunkuyar da kai. Duk wanda ke wurin ya gane hannun da ya ɗinka wannan rigar, domin akwai wata 'yar karkata kafaɗa da Malam ba ya yi, Baba ne ya ƙara ta don armashi, ita ma Baturen ya kawo ta. Malam ya ɗauko littafin, ya karanta abin da aka tambaye shi, ya koma gida.

Ba wanda ya zagi Baba, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi sauƙi. Ana amsa sallamarsa, ana ba shi hannu a masallaci. Sai dai in ya zauna a rumfa hira ta mutu, mai tari ya haɗiye tarinsa, mai sosa ƙeya ya sauke hannu. Kowa na tunanin in an kai Malam bariki, shi wane ne da ba za a kai shi ba. Mutumin da abincinsa kallon mutane ne, ga shi mutane sun daina motsi a gabansa. Bukukuwan manyan gidaje suka daina aiko masa goron gayyata. Masinja ya sake zuwa, Baba ya kwanta ya ce ba shi da lafiya, daga baya aka ɗauke Baturen zuwa wani gari, ya tafi abinsa bai ma san abin da ya bari ba.

Baba ya je ƙofar Malam washegarin abin da ya faru a majalisa, aka ce yana karatu. Ya koma, aka ce yana hutawa. Ya aika dattawa, Malam ya ce musu shi bai riƙe kowa ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Iyakar abin da aka samu ke nan.

Daga nan ya koma bin ƙauyuka. Yakan tafi Wamakko ranar kasuwa, ya gangara Kwalkwalawa lokacin da aka yanke shinkafa, ya dawo da 'yar hatsi a kan jaki. Can wa'azin tuwo kawai yake yi, da raƙumi, da kare. Bai sake kwaikwayon ɗan Adam ba, ko wanda ke zaune gabansa yana roƙo. Mutanen ƙauye sun yi dariyarsu sun sallame shi, amma su kansu sun ce ba wannan ne ɗan kaman da ake ba su labari ba.

Aka yi mini aure, na haihu, maigidana ya rasu, na dawo gidanmu na ci gaba da dafa masa. Na same shi ya zama mai yawan zama a zaure shi kaɗai, yana gyaran carbin goruba da ba abin da ya same shi. Wani lokaci nakan ji ya fara wata magana da muryar da ba tasa ba, sai ya katse, ya yi istigfari. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, domin ni ma abin ya shafe ni. Ƙofar Inna ba ta taɓa rufuwa gare ni ba. Ina shiga in gaida Malam, ya amsa da fara'a, ya tambayi yara, ya sa mini albarka, amma bai taɓa cewa ina mahaifinki ba.

Duk da haka Baba bai fasa shara ba ko shekara ɗaya. Ranar cika-ciki zai ɗauki tsintsiya da safe, ya tafi, ya share ƙofar tun daga dakali har bakin hanya. Yakan yi a hankali, yana sake bin inda ya riga ya share, kunnensa na zaure. Can sai wani ɗalibi ya fito da kuɗin shara a ƙulle, ya ce in ji Malam. Haƙƙin bai taɓa yankewa ba, wata shekara ma har da riga. Mutumin ne dai ba ya fitowa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya dawo ya rataye tsintsiya. Abin da yake jira bai wuce Malam ya leƙo ya ce sharar ba ta yi ba.

Wata shekara na kasa haƙuri. Na tafi wurin Inna na zazzage mata abin da ke cikina, na ce wannan wace irin yafiya ce da ake aikowa a ƙullin tsumma. Na ce Malam na karantar da mutane haƙuri, ga ɗan'uwansa na tsufa a bakin ƙofarsa da tsintsiya. Bakina ba shi da linzami tun ina yarinya, ta san haka, ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ma ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ya ce mata ya yafe tsakaninsa da Allah, ba ya kwana da kowa a zuciya. Amma duk sanda ya miƙe zai fita ya ji ƙafar nan ta ja, sai ya ga fuskar Baturen na waigen mutane. Ya ce tun yana yaro bai taɓa jin kunyar ƙafarsa ba sai ranar. In ya fita, taubashinsa zai gan shi yana tafiya, shi kuwa ba ya iya tafiya a gaban idon nan kuma. Na dawo gida ban gaya wa Baba ba, har yau ban san ko daidai na yi ba.

Malam ya rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ya yi salla a sahun baya, ya bi gawa har maƙabarta, ya dawo da laka har gwiwa. Bai yi kuka a gabana ba. Ya dai ɗauko tsintsiyar nan daga inda take rataye ya miƙa mini, ya ce in riƙa sharar tsakar gida da ita.

Bayan Inna ta fita takaba ta aiko kirana. Na same ta ta rame, idonta ma ya fara rauni. Ta ce gidan ya yi mata shiru, ta wayi gari tana neman muryar Malam a kunnenta ta rasa. Jikoki ƙanana kuma na tambayar yaya kakansu yake. Ta ce duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da ke ɗauke da shi, in je in zo da shi.

Na koma gida kusan da gudu, ni da girmana. Na ɗauka ƙofar da ya yi shekaru yana sharewa ce ta buɗe. Ya saurare ni, ya sa rigar da Malam ya aiko masa a sharar ƙarshe, muka tafi. Bai ɗauki ko ɗaya daga kayan wasa ba.

A zauren ciki aka shimfiɗa masa tabarma. 'Ya'yan Malam maza na zaune, mata sun cika bakin ƙofa, yara sun yi tsit. Rabonsa da taro irin wannan a cikin birni tun kafin a yi mini aure. Na ga ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, na ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Inna ta ce:

"Ka yi muna shi, ko sau guda. Muryatai nika son ji."

Baba ya kalli buzun Malam da ke naɗe a jingine da bango, ya ce:

"Uwargijiya, ba shi nan."

Babban ɗan Malam ya ce ai su ne suka nema, sun yarda, ba giba ba ce. Baba ya girgiza kai.

"In na soma, wa za ya ce mani ya isa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya yi wa mamacin addu'a, doguwa, da muryarsa ta kansa, ya tashi ya nemi takalmansa. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na biyo shi ina shirya maganganun da zan gaya masa in mun isa gida.

Rana ta take, lungun babu kowa sai awaki a inuwar katanga. Yana gaba ina baya. Mun kusa kwanar marina sai na ga ƙafarsa ta hagu ta fara ja. Na ɗauka ƙaya ya taka, har na buɗe baki zan tambaya. Sai ya gyara murya, hannunsa ya tafi ga gemu, ya ɗaga kai sama. Babu karkata kafaɗar nan, babu ƙarin komai. Malam ne kawai ke tafiya gida a gabana cikin rigarsa. Na sauke idona ƙasa, na rage sauri, don kada a ce akwai mai kallo.

Na zaci in mun shiga gida zai daina. Bai daina ba. Washegari da ɗingishin ya tafi masallaci, haka jibi, haka har ƙarshen ransa. Maƙwabta suka ce tsufa ne, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, ya ce bai ga komai a ƙafar ba. Na sha ɗaukar goro in tsaya a bayansa yana alwala, kalmomin na bakina. Amma ba tafiyata ba ce, ba ni ke da ikon fansarta ba, sai in mayar da goron cikin ganye.